Ruwa ya shigo mana gida yau

Ruwan awa ɗaya aka yi yau da asuba a nan Kano, amma sai da ya shigo mana har tsakar gida. Na tarar da Baba a zaure, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya yi shiru yana kallon buhun geronsa da ya jiƙe sharkaf. Tun tasowata ban taɓa ganin ruwa ya haye dokin ƙofar nan ba.

Da can kududdufin da ke saman unguwarmu ke tare shi. An cike shi, an gina shaguna, an malale ko'ina da siminti, ƙasa ta daina sha. Duk ruwan ya gangaro kanmu, kwatarmu kuma 'yar ƙarama ce. Wallahi tsoron watan Agusta nake ji.