Baƙar fuskar waya ba ita ce maganin gajiyar ido ba

Jama'a, masu barin waya a baƙar fuska (wato dark mode, farin rubutu a baƙin allo) dare da rana don gudun gajiyar ido, a ɗan lura. A ɗaki mai duhu tana rage ƙyalli, wannan gaskiya ne. Amma duhun yakan sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, sai fararen haruffa su riƙa yin hazo a gefe, musamman ga wanda fitilar mota ke yi wa tartsatsi da daddare. Da rana tsaka a waje kuwa, baƙin rubutu a farin allo ya fi karantuwa nesa ba kusa ba.

Zancen cewa baƙar fuska tana rage cin batir ma sai a irin allon waya da ake kira AMOLED. Irin allon da ake kira LCD kuwa, fitilarsa ta baya a kunne take ko yaya.

Raɗaɗin idon kan zo ne daga ƙarancin ƙiftawa. Duk minti 20, a kalli abu mai nisan mita 6 na sakan 20.