Wasiƙa daga Paris: Hadot da karatun mutanen dā

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Yau labarin Pierre Hadot, masanin falsafa ɗan Faransa, na kawo muku. An haife shi a nan Paris a 1922, ya tashi a Reims, ya rasu a 2010. Da farko limamin cocin Katolika ne, an naɗa shi a 1944, daga baya ya ajiye rigar ya duƙufa kan tsoffin littattafai. Ya kwashe kusan shekara 20 yana tsefe rubutun Marius Victorinus, malamin Rum na ƙarni na 4, wanda ko a nan ɗin ba kowa ya san sunansa ba.

A cikin wannan aikin haƙuri ne wani abu ya tsaya masa a rai. Masana na zamani suna yawan kukan cewa malaman Girka da Rum na maimaita zance, wani lokacin ma su saɓa wa kansu. Hadot ya ce kuskuren na mai karatu ne. Yawancin littattafan nan daga bakin malami suka fito, yana gaban ɗalibansa, yana ba kowa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, kamar yadda malamin zaure ke yi. Gyaran halin ɗalibi ake nema, shi ya sa ya kira littafinsa na 1981 "atisayen ruhi".

Inda ya fi burge ni shi ne kan Marcus Aurelius, sarkin Rum. An daɗe ana ɗaukar rubutunsa tamkar koken mai baƙin ciki. A littafinsa na 1992, Hadot ya nuna sarkin darasi yake bita wa kansa, darasin Epictetus, wanda tsohon bawa ne: ka kula da hukuncin da kake yanke wa abu, da abin da ranka ke kwaɗayi, da yadda kake yi da mutane. Sarki guda, a sansanin yaƙi, yana tilawar karatun bawa!

Michel Foucault, wani masanin falsafa ɗan Faransa, shi ne ya tsaya wa Hadot har ya samu kujerar farfesa a Collège de France, babbar cibiyar ilimi ta nan Paris, a 1982. Hakan bai hana Hadot faɗin gaskiya a rubuce ba, bayan rasuwar Foucault: ya ce Foucault ya mai da hankali kan "kula da kai" fiye da kima, alhali mutanen dā so suke mutum ya wuce kansa, ya ga matsayinsa a cikin halitta baki ɗaya. A ganina Hadot ne ya fi gaskiya a nan.

A gaida kowa da kowa.