Allon ƙarfe da ƙasar da ke ƙarƙashinsa

Tun da na zauna a jihar Arizona ta Amurka, wata ɗabi'a da na koya daga maƙwabcina, wani dattijo tsohon soja, ita ce fita daji ranar Asabar bayan sallar asuba domin gwada saiti, kafin rana ta buɗe ta hana kowa sakat. Na san yadda wannan magana za ta sauka a kunnen mai karatu da ke gida Najeriya, inda ƙarar bindiga ba abin nishaɗi ba ce, kuma inda dokar makamai ta 1959 ta tsaurara mallakarta. A nan kuwa harbi wasa ne da ake yi da gasa, da ƙungiyoyi, da filaye na musamman, kamar babban filin Ben Avery da ke arewacin Finiks, wanda hukumar kula da namun daji ta jihar ke gudanarwa. Abin da nake son rubutawa a kai shi ne ɓangaren da ba a cika ɗaukar hotonsa ba, wato kula da allon ƙarfen da ake harbi, da kuma ƙasar da duk abin da ya bugi allon yake zubowa a kanta.

Dalilin da ya sa mutane suke son allon ƙarfe fiye da takarda ba ɓoyayye ba ne. Idan harsashi ya same shi, yakan yi ƙara kamar an kaɗa kuge, sai maharbi ya san ya samu ba tare da ya taka yadi ɗari ya je ya duba huji ba. Ni ma wannan ƙarar ce ta ja ni, har ta kai ni ga kuskurena na farko. Na ga farashin allunan da ake sayarwa ya yi mini tsada, sai na je wajen wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa na sayi wani faffaɗan ƙarfe mai kauri, ina ganin ai ƙarfe ƙarfe ne. A fita ta biyu fuskarsa ta cika da ramuka kamar wanda ya yi agana, a ta uku kuma wani ɓarɓashi ya dawo ya yanke ni a damtse, daga nisan da nake ganin babu abin da zai iso ni. Raunin bai kai a je asibiti ba, amma da a ido ya sauka da labarin ya sha bamban. Dattijon nan ya ɗaga allon, ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya ce mini in kai shi inda na samo shi. A ranar na gane cewa araha ba ta ado.

Abin da ya faru yana da bayani mai sauƙi. Ana auna taurin ƙarfe da ma'aunin Brinell, kuma ƙarfen gini na yau da kullum, irin wanda na saya, bai wuce 120 zuwa 160 a wannan ma'auni ba. Wanda ake yin allon harbi da shi kuwa, wato AR500, taurinsa yana wajen 500, kuma asalinsa an yi shi ne domin bokitin motocin haƙar ma'adinai da sauran wuraren da duwatsu ke gogar ƙarfe dare da rana. Idan harsashin dalma ya bugi fuska mai tauri da santsi irin wannan, shi ne yake tarwatsewa, ɓarɓashinsa kuma ya bazu gefe-gefe yana bin shimfiɗar fuskar allon, ba ya komowa baya. Idan kuwa ƙarfen ya yi laushi har harsashi ya yi masa rami, to harsashi na gaba da zai faɗa cikin ramin nan zai bi lanƙwasarsa ne kamar ruwan da aka watsa cikin ƙwarya, ya juyo ta inda ya fito. Saboda haka duk kulawar da ake yi wa allo tana komawa ne ga abu guda, wato fuskarsa ta zauna a miƙe, babu rami, babu kumburi, babu tsaga.

Ko AR500 ɗin ma yana da iyaka. Masu ƙera shi galibi suna cewa kada a matso ƙasa da yadi 10 da ƙaramar bindiga, kuma kada a matso ƙasa da yadi 100 da doguwa, sannan gudun harsashi a lokacin da zai bugi allon ya kasance ƙasa da ƙafa 3,000 a daƙiƙa. Mutane da yawa suna zaton nauyin harsashi ne ke lalata allo, alhali gudu ya fi yin ɓarna, shi ya sa ɗan ƙaramin harsashi mai tsananin gudu yake barin tabo a inda babba mai nauyi bai bari ba. Kaurin da aka fi amfani da shi don doguwar bindiga shi ne kashi uku cikin takwas na inci, kimanin milimita 9.5, masu manyan bindigogi kuma su nemi rabin inci. Akwai kuma harsasai masu ƙarfe a cikinsu, irin M855 mai koren baki, waɗanda bai kamata su kusanci allo ba. A jakata akwai ɗan maganaɗisu da nake taɓa bakin kowane sabon harsashi da shi, wanda ya manne masa sai in mayar da shi cikin kwali.

Yadda ake rataye allo ma wani ilimi ne. Ana so ya ɗan sunkuyo gaba, kimanin digiri 20, domin ɓarɓashi ya nufi ƙasa, kuma ana so ya sami damar lilo idan an same shi, saboda lilon yana shanye wani kaso na ƙarfin bugun. Da farko sarƙa nake sa wa nawa, amma ɓarɓashi yana cin sarƙa har ta tsinke, sai na koma amfani da yankin tsohon tiyon 'yan kwana-kwana, wanda harsashi kan ratsa ya wuce bai tsinka shi ba. Ƙusoshin da ake ɗaurewa da su dole su zama masu mulmulallen kai, notin kuma ya kasance ta baya. Abin da ba na yi ko kaɗan shi ne walda. Taurin AR500 ya samu ne daga gasa shi da kuma sanyaya shi cikin gaggawa, kuma duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa wuƙar da aka sake mayarwa wuta bayan an gama ta ba ta ƙara riƙe kaifi. Walda tana mayar da wurin da ta taɓa laushi, don haka cike rami da walda ƙara haɗari ne da sunan gyara. Saboda wannan dalilin ne ma gefen allon da aka yanka da wuta yake saurin ɓantarewa fiye da wanda aka yanka da ruwa mai ƙarfi.

Duk ranar da na dawo, nakan jingina allunan a jikin bango in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina shafa fuskar da safar hannu, in aza miƙaƙƙen ƙarfe a kanta in duba ko haske yana ratsawa ta ƙarƙashi, domin allon da ake bugu ta fuska ɗaya kullum yakan fara lanƙwashewa a hankali. Maganin wannan shi ne a riƙa juya shi, yau gaba gobe baya, tun kafin lanƙwasar ta bayyana. Ina duba kewayen hujin ƙusa, domin daga nan tsaga take farawa. Tsatsar da ke sama-sama ba ta dame ni ba, burushin waya da farin fenti na fesawa mai araha sun ishe ta, fentin kuma yana da amfani na biyu, wato nuna inda kowane harbi ya sauka. Allon da ya yi ramin da yatsa ke ji, ko ya tsage, aikinsa ya ƙare, kuma ba na ba wa kowa shi kyauta, domin kyautar irin wannan allo mugunta ce.

Na daɗe ina tsayawa a nan, ina ganin na sauke nauyi, sai wata rana na durƙusa a gindin allo ina neman notin da ya faɗi, na ga ƙasar wurin ta yi toka-toka tana ƙyalli. Na zauna na yi lissafi. Harsashin 9mm da aka fi harbawa yana da nauyin giram 7.5, idan na harba 200 a safiya ɗaya na zubar da kusan kilo ɗaya da rabi ke nan, mafi yawansa dalma, kuma allon ƙarfe ya niƙa shi ya zama gari da ƙananan ɓarɓashi. Bahaushen da ya ji labarin Zamfara ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan dalma. A 2010 gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta kashe yara fiye da 400, kuma sai da aka kwashe ƙasar saman tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. Abin da ke gindin allona bai kama ƙafar wannan ba, amma sinadarin ɗaya ne, hanyar shigarsa jiki ma ɗaya ce, daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinsa a jini da za a kira mara illa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da jagora a 2001 domin filayen harbi na waje, kuma shawarwarinta sun yi ma'ana ga mai fita daji irina. Dalma ta fi narkewa ta bi ruwa a ƙasa mai tsami, shi ya sa manyan filaye suke barbaɗa farar ƙasa domin rage tsamin, suke kuma kiran kamfanoni su tace tudun da ke bayan allunan su kwashe dalmar a sake narka ta. Ni ba ni da ikon barbaɗa komai a filin gwamnati, amma ina shimfiɗa tsohon tamfol mai kauri a gindin allo, in naɗe shi a hankali bayan an gama, in juye abin da ya taru a bokiti mai murfi. Ba ya kama duka, amma abin da yake kamawa yana da nauyi a hannu. Ba na kafa allo a cikin busasshen rafi, duk da cewa bangonsa yana da kyau wajen tare harsashi, domin ruwan saman Yuli da Agusta yana zuwa ne da ambaliya ya kwashi komai. Takalman fita daji ba sa shiga ɗaki, tufafin ana wanke su daban da na yara, kuma ina wanke hannu da sabulu kafin in yi alwala, tunda hannun nan ne zai kai ruwa baki da hanci.

Sai kuma sharar da ido ke gani. Hukumar kula da filaye ta Amurka, BLM, tana riƙe da filayen gwamnatin tarayya kimanin eka miliyan 245, galibinsu a yammacin ƙasar, kuma a mafi yawansu an yarda kowa ya je ya gwada harbi kyauta. Abin da wasu suke yi da wannan dama abin kunya ne. Na tarar da firji, da talabijin, da tukunyar gas, da katifa, duk an yi musu ruwan harsashi an tafi an bar su, ga fasassun kwalabe da jajayen kwanson roba sun rufe ƙasa. Har murtsunguwar nan ta saguwaro, wadda kan yi shekara 50 ko fiye kafin ta fitar da reshe na farko kuma dokar jihar ta ba ta kariya, ba ta tsira ba. A 1982 wani mutum ya yi ta harbin wata kusa da tafkin Pleasant har ta faɗo ta danne shi ya mutu. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma hukuma ba ta da ma'aikatan da za su bi kowa, don haka abin da take yi shi ne ta rufe wurin ga kowa da kowa. Haka aka yi a tsaunukan Lake na jihar Yuta, inda aka hana harbi a kimanin eka 2,000 bayan shara, da lalata tsofaffin zanen duwatsu, da gobara sun yi yawa.

Gobarar ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin allon ƙarfe da nake yabo yana da hannu a cikinta. A Yunin 2012 masu gwada harbi suka tayar da wuta kusa da garin Saratoga Springs na Yuta, ta cinye eka fiye da 5,000, dubban mutane suka bar gidajensu. A Afrilun 2017 a nan Arizona wani ya harbi abin bara mai fashewa a bikin sanar da jinsin jaririn da matarsa ke ɗauke da shi, wutar ta ci kusan eka 47,000, asarar ta kai dala miliyan 8. Za a iya cewa wannan wauta ce da mai hankali ba zai yi ba, amma gwajin da masu bincike na hukumar gandun daji ta Amurka suka wallafa a 2013 ya nuna cewa ɓarɓashin harsashin da ya bugi allon ƙarfe yana iya kai zafin digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, kuma harsasai na zallar jan ƙarfe da masu ƙarfe a ciki su ne suka fi kunna busasshen abu. Wannan ya jefa ni cikin tsaka mai wuya, domin harsashin jan ƙarfe shi ne wanda ba ya barin dalma a ƙasa. Hanyar da na bi ita ce in kafa allo a kan tsandauri, in share ciyawar da ke kewaye da manjagara, in ajiye shebur da jarkar ruwa kusa, in kuma jira rabin sa'a bayan harbi na ƙarshe, saboda irin wannan wuta takan yi ta ci a ɓoye kafin hayaƙi ya tashi. Daga watan Mayu, idan hukuma ta sanar da dokar hana abin da ke tayar da gobara, allunan suna zama a gareji har damina ta sauka.

Wannan rabin sa'ar ta jira ita ce lokacin tsince-tsince. Kwanson tagulla yana da masu saye, na ƙarfe kuma maganaɗisu mai dogon hannu yana ɗauke shi ba tare da an sunkuya ba, sauran tarkacen su shiga buhu, nawa da na waɗanda suka riga ni. A Asabar ɗin da ta wuce ni da dattijon mun cika buhu huɗu, muka kuma ciccibi ƙofar wani firji muka jefa a bayan mota. A hanyar dawowa muka biya wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa da ita, da bokitin dalmar wata uku, da wani allona mai inci takwas wanda na ga tsaga ta fara fita daga hujin ƙusarsa ta hagu.