Laraba, da ƙugiyar jak ɗin motar Kawu

Hazo tun asuba, ƙura har cikin haƙora.

Motar Kawu ce ta cinye yinin, Land Cruiser 80 ɗin nan mai injin dizal 1HZ. Inji lafiya, giya lafiya. Jibi zai kama hanyar Damagaram, daga can Agadas, sai yaran gareji suka buɗe murfin bangon but don duba kayan canza taya. Jak na nan zaune a gurbinsa, na asali, wanda ya zo da motar. Amma jakar kayan aiki babu komai sai wil-sifana. Ba hannun murza jak, ba rodin ƙari, ba ƙugiya.

Kawu ya ce, "Ɗana, kada ka wahalar da kanka, ka sayo mini sabo mai mai, irin jan nan." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ko ka sayi goma ba za su sauko maka da safaya ba." Ya yi shiru, don bai taɓa lura ba. A wannan motar safaya tana rataye ne a ƙarƙashin baya da sarƙa, kuma rodin jak ɗin ne ake zurawa ta ramin da ke wajen bamba a murza, sarƙa ta saki. Rodi ɗaya, aiki biyu. In ya ɓata, ga taya a jikin motarka kana kallo, ba halin taɓa ta.

Shi kansa jak ɗin ba na mai ba ne. Tiredi ne irin na noti, hawa biyu a cikin gwangwanin ƙarfe, ƙasa kuma giya biyu masu haƙora suna haɗuwa a karkace, da boris da ke ɗaukar nauyi. Ka sa ƙugiya a idon da ke gefe, ka juya, hawa na farko ya fito, na biyu ya biyo. Gajarta ce amfaninsa: taya ta kwanta, aksul ya sauko kusa da ƙasa, shi yana shiga ƙarƙashi, sannan ya miƙe ya ɗaga har sabuwar taya mai iska ta samu wuri. Mai mai na kasuwa, in dogo ne ba ya shiga, in gajere ne ba ya kaiwa, sai an ɗaga sau biyu ana cusa dutse. In kuma ya kwana a kwance cikin but wata da watanni, mai ya tsiyaye, roba ta bushe da zafi, ranar buƙata ka yi ta famfo yana kallonka. Mota ce da ta haura tan biyu tun ba a ɗora mata kaya ba. Ba abin wasa ba ne a kan yashi.

Bayan azahar na ɗauki jak ɗin a buhu na nufi Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano. Wannan shi ne abu na farko: kada ka je neman rodi da baki, ka je da jak ɗin. Abu na biyu, lambar shasi a takarda, don HZJ80 mai dizal daban, FZJ80 mai fetur daban, ballantana Land Cruiser 60 ko 70 ko 100. A kundin kayan Toyota lambar jak tana farawa da 09111, hannu 09113, rodin ƙari 09114, rodi mai ƙugiya 09115, sauran lambobi biyar na baya su ke bambanta mota da mota. Duk mai shagon da ke da kundin a kwamfuta zai gane da ka faɗa masa. Cikin jak ɗin kuwa, giya da boris da tiredi, ba a raba su, guda ɗaya ake sayarwa. In haƙori ya karye sai dai a nemo wani mataccen jak a cire masa.

Shago na farko, Alhajin ya juya jak ɗin a hannu ya ce, "Oga, wannan ai ya tsufa, me za ka yi da shi?" Ya ɗauko mini sabo a kwali. Na gode masa na wuce. Na biyu da na uku ma haka. Masu kayan Beljiyam sun ce motocin suna zuwa ne an riga an kwashe jakar kayan aikin, abin da ke fara ɓata ke nan tun kafin su iso.

A wajen wani dattijo can ciki na samu. Ya zazzage mini durom guda na rodi, na motoci kala-kala, ya ce, "Malam, zaɓi da kanka, ni idona ya gaji." Na tsuguna na fi rabin awa. Bakin rodin mai kusurwa huɗu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya, ƙaramar ƙusa ta ɗaure su. Abin da ake dubawa shi ne kusurwoyin, in sun cinye sun koma zagaye, da nauyi ya hau sai rodin ya riƙa sulɓewa. Ƙugiyar kuma kada ta zama an taɓa miƙar da ita da wuta, za ka ga ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi a wurin, irin wannan buɗewa take yi. Cikin uku da suka yi kama, ɗaya ce ta zauna daram a idon jak ɗin ba lilo. Tsawo ma sai an auna: in an haɗa su dole hannu ya fito waje da jikin mota, don kada mutum ya kwanta ƙarƙashi yana murzawa. Ƙusar ɗauri ɗaya babu. Na samu madadinta a layin masu noti, na gwada a jikin rodin nan take, da yatsa ta shiga har ƙarshe. Wadda sai an danna da sifana ba tata ba ce, tiredin za ta kashe. Kuma kada a raina ta, don in babu ita rodin rabuwa yake yi a cikin ramin bamba, rabi a hannunka rabi a ciki.

Da zan fito ne raina ya ɓaci. 'Yan gwangwan sun ɗora kaya a sikeli, a cikin tarin na ƙirga jak na asali huɗu, ɗaya ma da sauran takardar gargaɗi a jikinsa. Kilo ake sayar da su, za a narke. Tun 1997 Japan ta daina ƙera 80. Kowane ɗaya da ya shiga wuta ya tafi ke nan, kuma yawancinsu ba abin da ya same su sai datti. Yashi ne ya haɗu da tsohon giris ya daskare, mai shi ya ga ya ƙi juyawa ya ce ya mutu. Wasu kuma masu faci ne suka sa musu bindigar iska don sauri, haƙoran giya suka zube. Na sayi biyu, na rasa abin da zan ce kan sauran. Har na hau babur ina tunaninsu.

A gareji muka miƙar da na Kawu har ƙarshe, muka wanke tiredin da kananzir da tsohon buroshi, sau uku kafin ruwan ya daina fita baƙi. Ya bushe, giris kaɗan, ba a cika ba, don yawansa ne ke kama ƙura. Sama da ƙasa sau biyar ba nauyi. Sannan gwaji na gaske: birkin hannu, weji a tayar da ke ɗaya kusurwar, sassauta noti shida da sifana lamba 21 tun taya na ƙasa, jak ƙarƙashin aksul kusa da tayar, ba ƙarƙashin shasi ba, don a can sai sifirin ya gama saki kafin taya ta bar ƙasa. Ya ɗaga shiru, ba ƙara, ba karkata. Na sa an yanko katako mai kauri, taki ɗaya kowane gefe, ya zauna a but saboda yashin hanyar Tanut.

Kawu ya zo da la'asar, na sa shi ya haɗa rodin da hannunsa sau biyu. Ya ce, "Allah ya yi albarka."

Maman yara ta yi miyar kuka. Wuta ta zo ƙarfe tara, ta tafi tara da rabi.

Sarƙar safayar ce ban gamsu da ita ba, ta sauko amma da ƙyar, tsatsa ta ci wajen gindi. Tana jiƙe cikin gas yanzu. Gobe da safe kafin a buɗe gareji zan sake murza ta in gani.