Ranar da Na Bar Jaki Na Daki Taiki

Asabar, da daddare.

Sau uku na wanke hannu da sabulu, har yanzu warin fetur nake ji a yatsuna, farcena kuwa baƙi ƙirin. Bari in rubuta abin da ya faru yau tun ban manta da jerin yadda ya zo ba.

Babur ɗina ƙarami ne, roba-roba, irin wanda ba a sa masa giya, murɗa totur kawai ake yi ya tafi. Injinsa 125cc ne, samfurin da ake kira GY6, wanda asalin zanensa na Honda ne amma kamfanoni barkatai a Sin da Taiwan suke ƙera shi. Sati uku yana kafe a jikin bango tun da na yi tafiya. Da safe na cire ledar da na rufe shi da ita, na goge ƙura, na sa makulli, na danna sitata. Shiru. Gabana ya faɗi, can na tuna ban matse birki ba, su kuwa irin waɗannan ba sa amsa sitata sai an riƙe birki. Na matse, na sake dannawa. Ƙas, ƙas. Wannan karon ya amsa, amma amsar marar lafiya.

Na buɗe wajen batir na ɗora mitar auna ƙarfin wuta: volt 11.8. Batirin da ya cika, idan yana hutawa, wajen 12.6 yake nunawa, saboda haka wannan ya yi sanyi. Ga wani farin gari kamar toka ya taru a kan ƙarfen da waya take kamawa. Na kwance baƙar waya tukuna sannan ja, don kada sifana ta taɓa jikin babur ta yi tartsatsi, na kankare garin da samfefa, na kai batirin caji a ɗaki. Zuwa nan raina fes, ina ganin aikin rabin awa ne.

Da caji ya ɗan shiga na mayar da shi, na kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, na koma ga kik don kada in sake tsotse batirin. Bugu na huɗu ya yi tari, ya tashi, ya yi gurnani kamar na numfashi biyar, ya mutu. Daga nan na buga har cinyata ta yi tsami, ko tarin ma ya daina yi.

Inji dai abu uku yake nema kafin ya tashi: wuta, mai, da iska. Na fara da wuta don ta fi sauƙin dubawa. Sauƙin nata ke nan in an kai gare ta, domin wanda ya ƙera babur irin wannan kamar ya rantse ne kada kowa ya ga injinsa. Sai ka cire akwatin da ke ƙarƙashin kujera, ka kwance sukurori nan da can, ka lallaɓi robobi masu 'yan kunnuwa da suke maƙale da juna. Na ja ɗaya da ɗan ƙarfi, na ji ƙas, kunne ɗaya ya karye. Ban ce komai ba, na ajiye shi a gefe.

Na zare hular fulogi, na sa soket mai lamba 16 na kwance shi. Launin bakinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan haske, ba baƙin hayaƙi, ba mai. Na auna ratar da ke tsakanin ƙarafan biyu, tana tsakanin 0.6 da 0.7 na milimita kamar yadda ake so. Na mayar masa da hularsa, na jingina zarensa da jikin inji, na kira ƙanena ya buga kik. Wuta shuɗiya, tas-tas, ba wata gardama. Ya ce, "Yaya, bari in riƙe maka shi ka ga da kyau." Kafin in hana shi ya kama ƙarfen da hannu, ni kuma da na karɓe shi bugun, ƙafata ta riga ta sauka a kan kik. Tsallen da ya yi sai da ya kifar da kwanon da na zuba sukurori. Mun yi dariya har da hawaye, sannan muka durƙusa tsintar su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani. Fulogin a bushe yake ƙayau. Inji da aka yi ta bugawa fiye da sau talatin, in da mai yana shiga, da fulogin ya jiƙe yana wari. Na ga haka, na kuma fahimci mai ba ya isowa. Amma maimakon in bi hanyar man tun daga tanki, kai tsaye na yanke hukunci: kafireta, wadda ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji, ita ce ta toshe. Ni kam na daɗe da sa wa kafireta ido. Duk abin da ya sami babur, ita nake fara zargi. Kuma ina da hujjata, domin fetur idan ya daɗe a kwanonta sassansa masu sauƙi suna tashi su bar wani danƙo da ke like ƙananan ramuka. Sati uku a ajiye, me kuma ake jira?

Na ɗauki hoton wajen da waya ta kowace kusurwa kafin in taɓa komai, wannan dabara ta sha cetona. Na sassauta zoben da ke riƙe ta ta gaba da ta baya, na zare wayar totur, na cire mahaɗin wayar cok na lantarki, wanda ke ƙara wa inji mai idan yana da sanyi, na fito da ita na ɗora a kan farin tsumma. Sukurorin kwanonta masu taushi ne kamar me. Na taɓa lalata kan guda a baya kafin in gane cewa yawancin sukurorin injinan da ke bin tsarin Japan, ko da yake giciyen kansu ya yi kama da na yau da kullum, yankansa ya ɗan bambanta, sukundireba gama-gari tana zamewa ta cinye shi. Yau na danna da dukkan nauyina, na juya a hankali, suka fito lafiya.

Na buɗe kwanon ina jiran in ga danƙo. Ba komai. Tsaf yake, kuma kusan a bushe, in ban da 'yar laima a ƙasa. Alama ta biyu ke nan, ita ma na tsallake ta. Tun da na riga na buɗe, na ce bari in gama. Na kwance jet babba da ƙarami, wato 'yan ƙarafan nan masu rami da mai ke bi ta cikinsu daga kwano. Ƙaramin shi ke ciyar da inji lokacin silo, wato yana aiki a tsaye ba a murɗa totur ba, da lokacin tashi, raminsa ɗan mitsitsi ne. Na ɗaga shi sama na kalli haske ta cikinsa, ga ɗigon haske nan zagaye sarai. Duk da haka na fesa masa maganin wanke kafireta na hura. Ban sa allura ba, don tagulla ce, da ka ɗan faɗaɗa ramin ka ɓata ma'aunin mai da iska har abada, garin neman gira a rasa ido. Baƙar robar da ke saman kafireta kuma na cire ta gefe kafin feshi, maganin yana kumbura ta. Na ɗaga ta a haske ita ma, ba huda ko ɗaya.

Wajen mayarwa ne wani ɗan sifirin ya fizge daga hannuna ya yi tsalle. Na ji ƙararsa sau ɗaya a siminti, daga nan ya ɓace. Muka yi ta rarrafe ni da ƙanena kusan minti ashirin. 'Yata da take zaune a bakin ƙofa tana kallonmu ta shiga ɗaki ta fito da maganaɗisun wata tsohuwar lasifika da take wasa da shi, ta ɗaura masa zare tana ja a ƙasa kamar mai jan mota. Zagaye na biyu ta ɗago shi ta ce, "Baba, wannan ne?" Shi ne, tare da ƙusoshi biyu da wani ɗan zoben ƙarfe na ƙarƙashin noti da na nema tun bara.

Na harhaɗa komai bisa hotunan, na ɗaure, na buga. Na buga. Na danna sitata. Inji yana juyawa garau, amma ko tari babu. Awa biyu da rabi ke nan na ɓata a kan abin da ba shi da laifi. Raina ya ɓaci sosai, har na yi niyyar in tura shi wajen bakanike in huta. Na shiga ɗaki na kwanta rigingine ina kallon silin.

Ina kwance ne kwanon nan busasshe ya dawo mini a rai. Idan jet ne ya toshe, ai kwano zai cika da mai, man ne kawai ba zai wuce ba. Kwano a bushe yana nufin man bai ma iso ƙofar ba. Kuma tashin da ya yi da safe na ɗan lokaci, ragowar da ke cikin kwanon ce ya shanye.

Na fito da la'asar. Na zare tiyon mai daga jikin kafireta na sa bakinsa a cikin kwalba, na danna sitata. Ko ɗigo. Na buɗe tanki na girgiza babur, ga fetur yana motsi, ya fi rabi. Na bi tiyon da yatsa zuwa sama, na wuce 'yar matatar mai, na isa famfon da ke ƙarƙashin tanki. Wannan famfo ba irin na manyan babura ba ne da ake murɗawa da hannu. Shi da kansa yake buɗewa. Akwai wani siririn tiyo na biyu da ya taso daga wuyan da ke tsakanin kafireta da inji ya shiga jikinsa. Idan inji yana juyawa yana zuƙar iska, zuƙar tana bi ta siririn tiyon ta ja wata 'yar fatar roba a cikin famfon, sai hanyar mai ta buɗe. Inji ya tsaya, hanya ta rufe, don kada mai ya yi ta zuba babur yana ajiye. Dabara ce mai kyau, amma duk ta rataya ne a kan tiyon da bai kai kaurin fensir ba.

Na zare shi daga wajen wuyan inji. Wasu da baki suke zuƙa, ni ban yarda ba, don in fatar cikin famfon ta yage fetur ne zai cika maka baki. Na sa tsohon sirinji marar allura na ja. Ya taho sakayau, ba wani riƙo, ina jin iska tana shiga ta wani wuri, fiii. Na lanƙwasa tiyon a hankali ina juya shi, sai ga tsaga ta buɗe baki a ƙasansa, dab da inda yake shiga wuyan, wajen da zafi ya fi dukansa. Robar ta bushe ta yi tauri kamar tsohuwar fata. In ba ka lanƙwasa ba ba za ka taɓa ganinta ba. Na tabbata da safe hannuna ya taɓa wannan tiyo ya fi sau biyar.

Na yanke wajen da ya tsage da reza, tsawon gaɓar yatsa ɗaya. Na sake ja da sirinji, nan take fetur ya zubo cikin kwalba shaaa. Sa'ar da na yi tiyon yana da ɗan saura, ya kai, ko da yake a miƙe. Na mayar da komai, na matse zoben, na juya inji kaɗan-kaɗan ina hutawa don kwano ya cika. A karo na uku ya kama.

Sai dai ya kama da ihu, tayar baya tana juyawa da kanta. Nan na tuna wani abu. Wata biyu da suka wuce ya fara mutuwa a tsaye, yana kuma yin tas-tas a salansa idan na saki totur, ni kuwa na ƙara masa silo da sukundireba na ci gaba da harkata. Ashe tun lokacin tsagar ta fara, iska tana satar hanya tana shiga inji ba ta bi ta kafireta ba, mai ya yi kaɗan a cikin haɗin. Ruwa ba ya tsami banza. Na bari ya yi ɗumi, cok ya rufe, na rage silon sannu a hankali har tayar ta tsaya, sautin ya zauna daidai. Na ɗora mita a batir na ɗan ba shi wuta, ta haura 14 kaɗan, caji yana shiga.

Tun da inji ya yi zafi na ce bari in juye baƙin mai gaba ɗaya. Noti mai lamba 17 ne a ƙasa, bayansa akwai sifirin da 'yar raga, in ba ka tare ba duk su faɗa cikin man. Na tare, amma mai zafi ya bi mini hannu har gwiwa. Na wanke ragar, ba ɓurɓushin ƙarfe a jikinta, na ji daɗin wannan. Sabon bai kai lita ɗaya ba ya isa alamar geji. Tsohon na ɗura a jarka na rufe. Matatar iska na kakkaɓe na mayar, ta kusa neman canji. Murfin bel ɗin da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya kuwa na kalle shi na ƙyale. Kwance notin da ke ciki yana son abin riƙewa da ba ni da shi, kuma na ga yadda mutane suke karya fikafikan faifan da notin yake riƙe da shi garin tokare shi da sukundireba. Wannan aikin na bakanike ne, ba na jin kunyar faɗa.

Robar da na karya wa kunne na ɗaure ta da siririyar waya ta ciki. Na zagaya layi sau biyu kafin duhu, yana ja lafiya, sai dai robar tana 'yar kaɗawa idan na shiga rami. Gobe zan nemo sabon tiyo, dogo, in canza siririn da na man duka, don wanda na yanke ɗin sauransa ma ya yi tauri. Maganaɗisun kuma na roƙa a bar mini a akwatin kayan aiki, mai shi ta ce aro ne kawai.