Tarihin Rayuwata, Kashi na 5: Akwatin da Ya Ƙi Buga Ganga

A makon jiya na tsaya a inda sifikoki biyu suka shigo hannuna, kowace inci 6 da rabi, sababbi fil a kwalinsu. Zumuɗi bai bar ni na jira akwati ba. Na jona ɗaya da amfilifaya a tsirararta, na kunna, sai jikina ya yi sanyi. Muryar mawaƙi tana fita, amma ganga babu ita, sai wani ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa gwangwani.

Kawuna, wanda ya tsufa a gyaran rediyo, ya leƙo ya yi murmushi. "Ɗana, lafiyarta ƙalau. Takardar nan ta fuskar sifika in ta tura iska gaba, a lokacin take zuƙar ta ta baya. Ta gaba sai ta zagaya gefe ta cike gurbin ta baya, su kashe juna." Daga baya na gane lissafin. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka amo mai kauri na haz 50, wato girgiza 50 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya kusa mita 7. Zagaya 'yar sifika ba komai ba ne a wurinsa. Siririn sauti kuwa zangonsa gajere ne, shi ya sa yake tsira.

Rabin maganar na ji. Na ɗauka akwati ne kawai, kuma girmansa shi ne ƙarfinsa. Na samo filawud mai kaurin milimita 6, na yanka da ido, na buga ƙusoshi ba gam, na tashi da wani ƙaton abu mai cin lita 60. Da na kunna, jikin katakon ya fi sifikar surutu. In ka ɗora tafin hannu a gefensa sai ka ji yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Kawu bai ce uffan ba. Ya ƙyasta ashana, ya kai ta bakin mahaɗar katako, harshen wutar ya shiga rawa daidai da bugun ganga. Iska ce take tsiyaya ta ko'ina.

"Ina takardar da ta zo a kwalin?"

"Kawu, ai ita na ƙunshe sukurori da ita."

Na warware ta duk ta yamutse. Lambobi uku ya nuna min da farce: Fs haz 45, Qts 0.4, Vas lita 30. Na farko shi ne inda takardar sifikar ta fi son yin rawa da kanta, na biyu yadda take saurin tsayawa bayan an girgiza ta, na uku kuma yawan iskar da taurinta ya yi daidai da taurin robar da ke riƙe da takardar. Ana kiransu ma'aunan Thiele da Small. Neville Thiele injiniya ne ɗan Ostareliya da ya wallafa aikinsa a 1961, Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Kafin su, a 1954, Edgar Villchur a Amurka ya nuna cewa iskar da aka kulle a ƙaramin akwati tana yi wa sifika aikin sifirin. Nan ne kaina ya waye: iskar cikin akwatin ma wani ɓangare ce na injin, ba a zuba ta da ka.

Lissafin girman akwatin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, shi ya fi ba ni haushi. A raba 0.707 da Qts, a ninka amsar da kanta, a cire 1, sannan a raba Vas da abin da ya rage. Nawa ya ba da lita 14. Ni kuma na gina ninkinsa huɗu har da ɗoriya!

A karo na biyu na yi wa kowace sifika akwatinta da katakon MDF, wato garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18. Cikin kowanne santimita 20 faɗi, 35 tsawo, 21 zurfi, na ɗan ƙara ne saboda wurin da maganaɗisu zai ci. Kowace mahaɗa na shafe ta da gam na ɗaure ta kwana, na tokare gefe da gefe da sanda ta ciki, na shimfiɗa auduga a bango. (Ƙurar MDF muguwa ce, wanda zai yanka ya rufe hancinsa. Ni sai da na kwana biyu ina tari.) Da na danna takardar a hankali da yatsu, sai ta dawo sannu-sannu kamar mai nauyin jiki. Kawu ya gyaɗa kai, alamar babu inda iska take fita.

Akwati ɗaya shi kaɗai, ganga ta fito dam, har cikin ƙirji. Na jona na biyu ina jiran ɗaki ya tsage, sai kaurin ya ɓace ɓat, murya kuma ta rasa mazauni, kamar tana fitowa daga bayan kunnena. Na zauna a ƙasa na yi tagumi.

Kawu ya zaro batir mai bolt 1.5 daga tocilansa. Ya taɓa jar waya a kan batirin, baƙa a gindinsa, takardar akwatin farko ta turo waje. Ya taɓa na biyu, ta shige ciki. Ashe na juya wayoyi ne wurin liƙa darma, ɗaya na turawa ɗaya na ja, ciwon ranar farko ne ya dawo ta wata ƙofa. Minti biyu gyaran ya ɗauka.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Washegari na ɗauko 'yar ƙaramar sifikar siririn sauti, na jona ta kai tsaye ba kafasita a gabanta, wato abin da ke tare mata amo mai kauri, na murɗa ƙara. Warin da ya tashi da abin da Kawu ya ce min, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.