Filin da na saya a hanyar Arba'at

Ƙannena, musamman ku da kuka fara tara 'yan kuɗi kuna burin rabuwa da gidan haya, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan faɗa a jikina na ji shi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, Bur Sudan, garinmu da ke gabar Bahar Maliya a ƙasar Sudan, ta cika ta batse. Gwamnati ta taso ta dawo nan, masu gudun hijira suka yi ta kwararowa, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Ɗakuna biyu gare mu, ga dangi sun sauka a wurinmu, har tsakar gida ake shimfiɗa da dare. Sai zuciya ta raya mini in nemi fili a bayan gari, in gina gida, in kafa turken awaki, in shuka kuɓewa da rama kamar yadda mahaifina yake yi a Maiwurno, can bakin kogin Shuɗin Nilu.

Wani simsari, wato dillali, ya kai ni arewacin gari, ta hanyar Arba'at, cikin watan Janairu. Wurin ya yi kore shar, ƙasa mai laushi, ga bishiyoyin ƙaya sun yi layi. Ya ce akwai wani mutumin Khartum da zai kawo kuɗi jibi. Cikin mako guda na biya kuɗin faddan biyu (faddan shi ne ma'aunin fili a nan). Ban kwana a wurin ba ko sau ɗaya, ban sha shayi da kowa a unguwar ba.

Ga abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba, alhali a garin nan na girma. Ruwan saman gabar Bahar Maliya da hunturu yake sauka, daga wajen Nuwamba, shi ya sa na tarar da ciyawa. Amma ruwan da ke yin ɓarna daga duwatsu yake gangarowa, a Yuli da Agusta, lokacin da mu a bakin teku zafi ke gasa mu. Yana biyo kwaruruka, abin da ake kira khor a nan, kuma duk inda ka ga bishiyoyi sun jeru a wannan busasshiyar ƙasa, to hanyarsa ce. Na ga busasshiyar ciyawa da tsumman buhu sun sarƙe a reshen wata bishiya, daidai ƙirjina. Na ɗauka iska ce ta rataye su.

Ranar da aka fara sauke bulo, wani dattijo daga cikin Beja, ƙabilar wannan yanki, ya tsaya da awakinsa yana kallonmu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, mun zama maƙwabta." Ya nuna ƙasa da sandarsa ya ce, "Ɗana, nan ruwa yake bi. Ko rumfa ba ma kafawa a nan." Na yi masa godiya da baki kawai, domin kuɗi sun riga sun fita, kuma ba na son jin abin da zai tayar mini da hankali. Wannan taurin kunnen ya fi komai yi mini ciwo har yau.

A watan Agustan 2024, a ruwan da ya fasa madatsar Arba'at, wadda Bur Sudan ta dogara da ita wajen ruwan sha, ƙauyuka suka tafi, mutane suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. Tawa asarar ba ta kai a haɗa ta da tasu ba. Amma katangata da ɗaki ɗaya da na kai linta, duk ruwa ya share, ya bar mini yashi da duwatsu.

Tun kafin wannan ma rijiya ta riga ta ba ni kunya. Na san bakin Shuɗin Nilu, can wurin mahaifina, inda ruwa ke da daɗi. A nan da muka cim ma ruwa, na kurɓa sai na tofar, gishiri ne zalla, sabulu ma ba ya kumfa. Dole sai sayen ruwa a wurin masu keken jaki ko tanka, kuma gwargwadon nisanka da gari gwargwadon tsadarsa. Wanda ke sayen ruwan sha da jarka, da me zai shayar da kuɓewa?

Sai maganar takarda. Abin da ke hannuna takardar hiyaza ce, da sa hannun shaidu biyu. Ita tana nuna cewa wani yana riƙe da wurin ne kawai. Tun dokar 1970, duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, kuma yawancin filayen bayan gari haka suke. Ku nemi shahadar bahas, takardar da ke nuna sunan wanda aka yi wa rajistar fili, daga ofishin rajistar filaye, sabuwa, mai sunan wanda ke sayar muku, lauya ya duba, ma'aunin ƙasa ya je ya kafa alamu a gabanku. Bayan wannan ku je ku gaida omda da shehun yankin, wato shugabannin gargajiya. Ƙasar nan ta Beja ce tun kaka da kakanni, suna da al'adarsu da ake kira salif, sun san iyakar kowane gida da wurin kiwon kowa. Mu Hausawa hanyar aikin hajji ce ta kawo kakanninmu nan da Sawakin, tsohuwar tashar jirgin ruwa da ke kudu da mu, kuma da ladabi suka sami wurin zama. Da na fara da wannan gaisuwar, da an gaya mini komai a kan kofi ɗaya na jabana, gahawar da ake sha a nan.

Makon jiya ɗan yayata ya kira ni, wai ya ga fili ta hanyar Sawakin, simsari yana matsa masa. Ya ce, "Kawu, in na jira zai tafi." Na ce kada ya ba da ko fam ɗaya sai Agusta ta wuce. Na kuma ce ya ɗebo ruwan rijiyar da ta fi kusa da filin a gora, ya kawo mini ranar Juma'a, mu dafa shayi da shi mu sha tare.